Daɓen Inna Tambaya

A gidan hayar da ke ƙarshen layin masu gyaran babur a Tudun Wadar Gusau akwai ɗakuna shida, kowace ƙofa da tsintsiyarta jingine, ban da ƙofar Inna Tambaya. Matan gidan sun shekara biyu tare da ita ba su lura ba, domin ɗakinta ya fi na kowa tsabta. Tsumma take jiƙawa ta durƙusa ta goge simintin, safe da la'asar. Kuma duk lokacin da jikarta Zuwaira za ta zauna a ƙasa, sai tsohuwar ta fara shafa wurin da tafin hannu, ta ɗago hannun ta duba, sannan ta ce, "To zauna, ƙawata." Cikin ƙiftawar ido take yin abin. Wanda bai san ta ba sai ya zaci addu'a take shafawa.

A Kucheri aka haife ta, ta ƙasar Tsafe. Uwarta ta daɗe ba ta haihu ba, sai da aka yi ta zirga-zirga wurin malamai, shi ya sa da aka same ta aka kira ta Tambaya, sunan yanka kuwa ya ɓace a bakin mutane. A hannun uwar ta koyi daɓe. A wancan zamani ba a kai amarya ɗakin da ba a daɓe ba. Sai a haƙo jan marmara a farfasa, a shimfiɗa a tsakar ɗaki, a yayyafa ruwa a bar shi ya tsumu. Washegari mata su taru, kowacce da madaɓinta, guntun icen nan mai faɗin ciki, su jeru a durƙushe suna bugu suna waƙa, har ƙasar ta daina amsawa da nauyi ta koma amsawa tas-tas. Sannan a zuba ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a bi da dutse mai santsi a goge. Bugu kowace mace ta iya. Zaɓen ƙasa ne ba kowa ba. Tambaya takan ɗebi ƙasa ta murza tsakanin yatsu, ta shinshina, wani lokaci har ta taɓa a harshe, ta ce wannan za ta tsage kafin bazara, wannan kuwa za ta ga jikoki. Da wuya ta faɗa ya zama ba haka ba.

Aure ya kai ta Tungar Ɗorawa, wani ƙaramin ƙauye bayan Bungudu, gidan Labbo, manomi mai ƙaramar fadama da yake shuka shinkafa. Ta haifi huɗu, ɗaya ce ta tsaya, ita ce kuma ta farin, Maijidda. Tambaya irin matan da suka riƙe kunyar 'yar fari da gaske ce. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, ba ta taɓa yabon ta a gaban mutane ba. In za ta aike ta sai ta ce "ke", in za ta ba da labarinta sai ta ce "waccan". Ranar da aka kai Maijidda Gusau gidan Mas'udu tela, Tambaya tana bayan rumbu tana sussukar da babu wanda ya sa ta.

Sana'ar kuma siminti ya zo ya ci ta a hankali. Duk wanda ya sayar da buhun gero biyu sai ya sayo siminti, 'yan mata kuma suka ce su sai leda a kansa. Tambaya ta soke madaɓinta a rufin ɗaki. Yakan shekara bai sauko ba.

Ana haka masu injin niƙa dutsen zinari suka sauka a kan tudun da ke saman fadama. Ba a nan ake haƙar zinarin ba. Daga daji ake kawo duwatsun a buhu a kan babura, a niƙa su su zama gari, a wanke garin a kan kafet. Zinarin ya maƙale, sauran ya gangara, wata laka mai launin toka. Ba sa zubar da ita, wai akwai sauran zinari a ciki, akwai masu zuwa su saya. Don haka suka kawo katafila ta turo ƙasa ta toshe bakin wani kwazazzabo, lakar ta riƙa taruwa a bayan madatsar. Kowace shekara sai su ƙara mata tsawo, har ta fi ɗaki.

Ta ƙarƙashinta Labbo yake bi kullum zuwa shinkafarsa. Wata safiya ya ga gindin madatsar ya jiƙe alhali ba a yi ruwa ba. Ya hau tudun ya sami mai kula da wurin.

"Malam, gindin bangon ga yana zufa."

"Baba, katafila ta yi shi fa, ba hannu ba. Ko giwa ta hau ba ya motsi."

"Giwa ba ta dame ni ba, ɗana. Marka nika tsoro."

Mutumin ya yi dariya ya miƙa masa goro. Labbo ya karɓa ya sauko.

A kwana na uku na marka, da hantsi, aka ji ƙara kamar tifa tana juye yashi, sai dai ba ta tsaya ba. Allah ya sa ruwan ya tsare kowa a gida, ba a rasa rai ba. Amma shinkafar Labbo da ta mutum biyar ta shige ƙarƙashin laka, rafin ƙauyen kuma ya yi mako yana gudu fari. Masu injin suka zo suka ba da haƙuri da buhunan taki, suka toshe ɓarakar da buhunan yashi, injin ya ci gaba da kuka.

Da ƙasa ta fara tsanewa, Tambaya ta kai wa Labbo fura a fadama. Maza suna tsaye suna nuna inda iyakar kowa take a da. Ita kuwa da ta taka lakar sai ta ji wani abu a tafin ƙafarta. Ta ajiye ƙwaryar ta sunkuya ta murza. Shekara arba'in tana taɓa ƙasa, ba ta taɓa jin irin wannan ba. Ta fi garin da aka tankaɗe sau biyu laushi, babu ko ƙwayar tsakuwa, inda ta bushe kuma tana ƙyalli kamar an barbaɗa kwalli. Ta taɓa a harshe, ba ta ji ɗanɗanon komai ba. Ta ƙulle kaɗan a bakin zane ta tafi da ita gida.

Lakar ita kaɗai ba ta kama jiki. Tambaya ta yi kwanaki a bayan rumbu tana gwadawa, ta haɗa da jar laka, ta rage, ta ƙara, har ta gano yadda za ta shimfiɗa ta a saman marmara ta zauna. A daidai lokacin saƙo ya zo daga Gusau cewa Maijidda tana da cikin fari, za ta zo gida haihuwa bayan an yi girbi.

Sawu goma sha ɗaya Tambaya ta yi da daro a ka tsakanin fadama da gida. Ta fitar da komai daga ɗakin da ya fi samun iska, ta sauko da madaɓi, ta aika wa matan da suka rage cikin waɗanda suka iya. Hauwa'u, maƙwabciyarta kuma abokiyar tsiyarta tun suna amare, ita ta fara shigowa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe haɓa.

"Tambaya, wai gwamna za ya sauka ɗakin ga?"

"Baƙuwa ce daga birni. Kar ta zo ta ce mu ƙazamai ne."

"Baƙuwa! Ku ji ta, jama'a. Ɗiyarki dai. Faɗi sunanta mu gani in harshen za ya faɗo ƙasa."

"Ke dai durƙusa ki bugi ƙasa. Hannu ya mutu, sai baki ya rage."

"Ni da hannuna munka yi daɓen ɗakinki kina amarya kina kukan ƙarya."

Suka yi ta bugu har la'asar, muryoyinsu sun shaƙe, waƙar da suka daɗe ba su yi ba tana dawo musu guntu-guntu. Da aka zuba makuba aka goge, ɗakin ya fito da wani launi da ba a taɓa gani ba a ƙauyen, duhu-duhu mai sheƙi, in rana ta shigo ta ƙofa sai ka ga kamar ruwa ne kwance.

Ranar da Maijidda ta iso, ta cire takalmi ta taka, ta tsaya.

"Inna, wannan ai ya fi tayil."

"Ƙasa ce dai," in ji Tambaya, ba ta ko dube ta ba. Ta wuce madafa ta zauna tana hura wutar da take ci da kanta, don kada a ga fuskarta.

A ɗakin aka haifi Zuwaira. Ranar suna mata suka riƙa leƙowa, rabi don jaririya, rabi don daɓe. Kafin rani ya fita Tambaya ta yi wa gidaje biyar irinsa, har da ɗakin surukar Hauwa'u. Sunanta ya sake shiga bakin mutane. Wata amarya da aka saya wa siminti ma sai da ta yi kuka ta ce ita na Inna Tambaya take so.

Aibi ɗaya daɓen yake da shi, yana yin ƙura. Kowace safiya in ta share sai ta tara ɗan gari mai laushi cikin hannu, kuma na ɗan lokaci sai ta ga ƙyalli yana yawo a hasken ƙofa. Ta ɗauke shi ƙaramin abu, takan ƙara makuba in ya yi yawa. Fadama kuwa damina biyu ta wuce ko ciyawa ba ta fito ba inda lakar ta kwanta. Labbo ya zuba takin da aka ba shi duka, bai ga tsiro ba. Wata rana ya dawo ya jingine fartanya ya ce, "Tambaya, ƙasar ga matacciya ce. Ko tana babu cikinta. Ni ban yarda da ita ba."

"Ai shi ya sa ta yi kyau," in ji ta. "Kai manomi ne, mai rai kake nema. Ni ƙasar da ba ta tsiro nika so. Dubi ɗakin can, shekara biyu ko gara ba ta huda shi ba."

A duk abin da ya faru daga baya, wannan maganar ce ta fi dawo mata. An faɗa mata gaskiya a tsakar gidanta, ta karɓa ta mayar da ita yabo.

Zuwaira tana da shekara ɗaya da wata takwas aka kawo ta yaye, don uwar ta sami wani cikin. Kunyar da ta hana Tambaya taɓa 'yarta ba ta hana ta jika ba. Ta goya ta, ta yi mata rawa, ta kira ta ƙawata. Yarinya ce mai baki. Ta iya "Kaka", ta iya "ruwa", akuya kuma "meme" take ce mata tana bin ta da gudu tana faɗuwa. Tambaya ta koma ɗakin daɓen da ita, don ya fi sanyi kuma babu tsakuwar da za ta ji mata ciwo. A ƙasa take zaunar da ita ta ba ta kunu da dankali. In guntu ya faɗi yarinyar ta tsince ta kai baki, kakar ba ta hanawa, don ta san babu ɗakin da ya kai wannan tsabta a ƙauyen. Kullum tafin hannun Zuwaira da gwiwoyinta fari-fari suke. Tambaya takan yi dariya ta ce, "Ƙawata ta sha hoda, wa za a je gani?"

Mako biyu aka yi niyya. Cikin Maijidda ya zo da wahala, hanya kuma ba kullum take biyuwa ba, sai mako biyu ya zama wata huɗu.

A wata na uku yarinyar ta fara ƙin abinci. Aka ce kewar nono ce. Cikinta ya ƙulle, ta riƙa kuka tana riƙe shi, aka ce haƙori ne. Ta daina bin akuya, ta koma zama a kusurwa tana kallon bango. Aka sayo maganin zazzaɓi a kemis, aka karɓo rubutu. Ranar wata Alhamis bayan azahar, Tambaya tana tsince wake a bakin ƙofa, ta ji wani abu yana bugun ƙasa a bayanta. Ta juya ta ga Zuwaira kwance tana jijjiga, idanu sun juye.

Babur ya kai su Bungudu, ita da Labbo da yarinyar, mota ta kai su Gusau. A asibiti aka tsayar da jijjigar, aka ɗebi jini. Kwana uku suna jira. Mas'udu ya rufe shago, Maijidda tana zaune a bakin gado da tsohon ciki, ƙafafu a kumbure. Tambaya kuwa tana can gefe a kan tabarma, mayafi ya rufe rabin fuskarta, don surukinta yana wurin.

Ma'aikaciyar jinyar da ta zo da sakamakon sunanta Saratu, haifaffiyar Gusau ce ko da yake iyayenta daga kudu suka zo aikin coci. Ta jawo kujera ta zauna, abin da ya sa kowa ya san maganar ba ƙarama ba ce.

"Gubar dalma ce a jininta, kuma da yawa," in ji ta. Ta yi musu bayani a hankali. Dalma tana zaune a cikin dutsen da ake samun zinari. In an niƙa dutsen sai ta fito cikin ƙura. Babba yana iya ɗauka ya daɗe bai sani ba, amma cikin yaro yana tsotse ta, ta wuce har ƙwaƙwalwa. "Ana niƙa dutse a gidanku?"

"Ni tela ne, Sista," in ji Mas'udu. "Kuma wata huɗu ba ta wurina."

"Baba, a gidanka fa?"

"Ko a turmi ba a taɓa daka dutse gidana ba," in ji Labbo.

"Akwai mai zuwa wurin injin ya dawo da kayan aiki a jikinsa?"

"Babu."

"Tana zuwa wasa can?"

"Ko ƙofar gida ba ta taɓa fita ba," in ji Tambaya daga cikin mayafi. Gaskiya ta faɗa.

Saratu ta ajiye biro. "To daga ina? Ku yi tunani, don Allah. Za mu ba ta maganin da zai fitar da abin da ya samu, amma in ta koma inda take ɗauka, aikin banza muka yi. Ƙura ce mai laushi ƙwarai, toka-toka. Wani lokaci tana ɗan ƙyalli."

Labbo ya juyo ya dubi matarsa. Sau ɗaya ya dube ta, ya mayar da kai ƙasa.

Kwana biyu ta yi da maganar a bakinta. Ta gaya wa kanta cewa watakila ba ita ba ce, ai makuba ta rufe ta. Ta tuna gidaje biyar da za ta shiga ta ce musu abin da kuka yi mini godiya a kai guba ne. Ta tuna surukinta, wanda ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba. Amma abin da ya fi riƙe mata harshe shi ne waccan da ke zaune a bakin gado. Shekara ashirin da uku ba ta ba ta komai da za a nuna a ce uwarta ce ta yi mata ba, sai ɗakin nan.

A rana ta biyu ta kwashi kayan Zuwaira da suka zo da su daga ƙauye ta kai famfon asibiti. Ta wanke, ta tsiyaye ruwan a hankali. A gindin robar wani siririn gari ya kwanta, rana ta haska shi. Ta daɗe a tsugune tana kallo.

Da ta dawo ta tarar Mas'udu yana magana da matarsa, Saratu tana gyara ƙarin ruwa. "In an sallame ta, ku bi Inna ku koma ƙauye ke da ita," yake cewa. "Ki haihu can. Ɗakinmu ya yi zafi, ga hayaƙin babura. Ɗakin can ko ba komai akwai iska."

Tambaya ta ajiye robar. Ta ja mayafi ta ƙara rufe fuska, sannan ta ce, "Maijidda."

Maijidda ta waiwaya wajen ƙofa tana neman mai kiran. Ba ta taɓa jin sunan daga wannan bakin ba.

"Ni ce. Kar ku koma. Ɗakin ne." Tambaya ta ci gaba, "Lakar da ta ɓalle daga wurin masu injin, ita na ɗebo na yi daɓen. Da kaina na ɗauko ta. Babanki ya ce bai yarda da ita ba, na ƙi ji."

Mas'udu ya miƙe ya fita, bai buga ƙofa ba. Maijidda ta ce, "Inna," sai ta mayar da idonta kan 'yarta. Saratu ce ta zo ta tsuguna a gaban tabarmar.

"Mama, ɗaki nawa kika yi da ita?"

"Shida, har da nawa."

"Akwai yara a cikinsu?"

"Duka."

"To kin taimake su yau. Faɗa mini sunayen masu gidajen."

Bayan mako ɗaya ma'aikatan lafiya suka je Tungar Ɗorawa da wata na'ura mai kama da fitilar hannu. Suka ɗora ta a tsakar gida, suka ɗora a rumbu, suka rubuta. Da suka ɗora a daɓen sai mai riƙe da ita ya kira ɗan'uwansa ya zo ya gani. Aka ɗebi jinin yara tara, huɗu aka kai Gusau, cikinsu har da jikan Hauwa'u. Babu wanda nasa ya kai na Zuwaira, don babu wanda aka killace a ɗakin yini da kwana kamar ita.

Aka ce za a jiƙa daɓen a fasa, a kwashe a kai nesa a binne, a kawo sabuwar ƙasa. Maza ne za su yi. Tambaya ta ce a ba ta diga. Suka ɗaure mata ƙyalle a hanci, ta shiga ta kai sara na farko. Digar ta yi tsalle ta dawo, ko tabo ba ta yi ba. Ta yi aikin da kyau. Sai da majiya ƙarfi huɗu suka yini biyu kafin su gama da ɗaki ɗaya.

A Gusau Maijidda ta haifi na biyun, namiji. Tambaya ta je yi mata wankan jego. Ranar farko da za ta dafa ruwa, ta kwance ƙullin kayanta ta ciro madaɓin ta tura shi ƙarƙashin tukunya. Icen ya tsufa, ya sha makuba, ya daɗe yana ci.

Hauwa'u ta yi damina guda ba ta gaishe ta ba. In sun haɗu a rijiya sai ta juya tulu ta ba ta baya. Sai da Labbo ya rasu a shekarar da ta biyo, ta shigo gaisuwa ta zauna kusa da ita, sannan ta ce, "Ni ma na buga, Tambaya. Hannuna na ciki." Jikanta ya warke, ya shiga makaranta.

Zuwaira ta rayu. Sau uku ana ba ta maganin. Amma ta fito asibiti babu "ruwa", babu "meme", babu komai, sai nuni da yatsa. Wata bakwai kafin ta sake cewa "Kaka". Likita ya ce abin da dalma ta taɓa a kan yaro ba duka yake dawowa ba, kuma babu mai iya cewa nawa ne zai dawo. Yanzu shekararta biyar. Sa'o'inta a Islamiyya sun wuce ta da nisa, ita takan kama farkon karatu ta riƙe, kafin a kai ƙarshe ya zube mata. Ƙara kaɗan takan firgita ta. Tana da dariya mai daɗi, kuma tana son akuya har yanzu.

Da Tambaya ta fita takaba, Mas'udu da kansa ya je ƙauye. Ya tsuguna daga bakin zaure ya ce, "Inna, yarinyar ba ta cin abinci sai a hannunki. Na kama miki ɗaki kusa da namu." Bai taɓa tayar da maganar daɓe ba, ko a ranar ko bayanta. Da zai zage ta sau ɗaya, tana jin da ta fi samun sauƙi. Sunan Maijidda kuwa ba ta sake kira ba. Ta koma "ke", uwar da 'yar duka sun bar shi a haka.

Masu injin sun daɗe da tashi. Sun kwashe injin da kafet, sun bar madatsar da abin da ke bayanta, buhunan yashin sun ruɓe, babu wanda ya ce tasa ce. Duk wanda ya zo daga ƙauye, bayan gaisuwa Tambaya takan tambaye shi ko madatsar tana nan, ko gindinta yana jiƙewa. In marka ta kama takan zauna a bakin ƙofa tana kallon ruwa. Saƙonta kullum ɗaya ne, a gaya wa mata ko ta sake ɓallewa kada wanda ya ɗiba, ko don yaɓen murhu. Wasu suna isar da shi, wasu suna mantawa a hanya.

Ranar Asabar ɗin nan an yi ruwa da safe, rana ta fito wajen sha ɗaya. Zuwaira ta dawo daga Islamiyya, hijabi a karkace, ta tsaya wasa a hanya hannuwanta duk taɓo. Tambaya ta ɗauko buta da guntun sabulu ta zaunar da ita a kan gwiwarta a bakin rariya. Ta wanke hannun dama yatsa ɗaya-ɗaya, ta bi ƙarƙashin farce da tsinke, ta koma na hagu. Ta goge su da bakin zanenta, sannan ta shiga ta ɗauko kwanon wake da shinkafa.